Kurfin Kakana Mai Lanƙwasa: Wane Aiki Yake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin akwatin kayan aikin marigayi kakana, wanda kafinta ne, na tarar da wani dogon kurfi mai nauyi da ya lanƙwashe kusa da baki kamar wuyan zalɓe, an buga sunan Marples da na Sheffield a jikinsa. Wasu kafintoci sun ce lalacewa ya yi, in kai wa maƙeri ya miƙar da shi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah Ya jiƙan kakanka. Don Allah kada ka bari a miƙar da kurfin nan, domin haka aka ƙera shi, kuma lanƙwasar ita ce amfaninsa.

Kurfin haƙa ramin kuba ne, wato irin makullin da ake nutsarwa cikin kaurin ƙofar katako. Ramin yana iya kai zurfin inci 5 ko fiye, alhali faɗinsa bai kai inci 1 ba. Kafinta yakan fara huda ramuka da barima a jere, ya gyara gefuna da miƙaƙƙen kurfi, amma idan aka zo ƙasan ramin sai miƙaƙƙen ya kasa, don babu sararin karkata shi. A nan ne ake zura mai lanƙwasa, a jingina bayan lanƙwasar da bangon ramin, a danna ƙotar, sai bakin ya kankare ƙasan ya ɗago ɓarɓashin katakon waje ba tare da an farfasa bakin ramin ba. Injunan lantarki sun karɓe wannan aiki a yanzu, shi ya sa matasan kafintoci ba su san shi ba.

Marples kamfani ne da a da yake ƙera kayan aiki a birnin Sheffield na Ingila, garin da ya yi suna wajen ƙera ƙarfe mai inganci, kuma tambarinsa ganye uku ne a haɗe. Ka duba kusa da ƙota.

Game da tsatsa, ka shafe shi da kananzir, ka goge a hankali da samfefa mai laushi, sannan ka shafa masa mai. Kada ka wasa shi a injin washi, saboda zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen. Dutsen washi na hannu ya isa.