Tambaya da Amsa: Rigimar Kai Wasannin Lig Ƙasashen Waje

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan kwanakin nan sun karkata ne ga magana guda, wato yunƙurin da masu gudanar da wasu gasannin ƙwallon ƙafa na Turai suke yi na ɗauke wasan lig daga filin ƙungiyar da ke gida su kai shi wata nahiya. Mun zaɓi guda huɗu, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Malam, ni mai goyon bayan Barcelona ne tun ina ƙarami, kuma ban taɓa taka ƙasar Sifaniya ba. Da na ji za a kai wasansu da Villarreal birnin Miami na yi murna, domin ina ganin an fara tunawa da irinmu da muke nesa, sai kuma ga shi an fasa. Shin wannan ba son kai ba ne daga mutanen Sifaniya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin a yanke hukunci a kan son kai ko rashinsa, ya kamata a san inda maganar ta samo asali, domin ba a 2025 aka fara ta ba. A watan Agustan 2018 hukumar La Liga, ƙarƙashin shugabanta Javier Tebas, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 15 da wani kamfanin Amurka mai suna Relevent Sports, kuma wasan farko da aka so kaiwa Miami shi ne na Girona da Barcelona a watan Janairun 2019. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Sifaniya ta ƙi, ƙungiyar 'yan wasa ta ƙi, sannan majalisar Fifa da ta zauna a Kigali cikin Oktoban 2018 ta ce wasan lig a ƙasar masu lig ɗin ake buga shi. Barcelona ta janye a watan Disamba. Kamfanin bai haƙura ba, ya garzaya kotu a Amurka a 2019 yana ƙarar hukumar ƙwallon Amurka, daga baya ya haɗa da Fifa, bisa zargin toshe masa hanyar kasuwanci, kuma shari'ar ta yi ta jan ƙafa har zuwa Afrilun 2024 lokacin da Fifa ta sasanta da shi, ta amince za ta sake duba ƙa'idarta.

Wannan sasantawa ce ta buɗe ƙofar da aka so bi a 2025. Hukumar Sifaniya, wadda shugabancinta ya sauya, ta amince a wannan karon, sannan a farkon Oktoba Uefa ta ba da izini tana mai cewa ba da son ranta ba ne, ta kafa hujja da cewa dokokin Fifa ba su fito fili yadda za ta iya hanawa ba. An sa ranar 20 ga Disamba a filin Hard Rock na Miami. Abin da masu shirin ba su sa a lissafi ba shi ne 'yan wasan kansu. A ƙarshen makon tsakiyar Oktoba, da zarar alƙalin wasa ya busa usur ɗin farawa, sai 'yan wasan ɓangarorin biyu su tsaya cak na kusan daƙiƙa 15 babu mai taɓa ƙwallo, kuma a wasan farko na makon, tsakanin Oviedo da Espanyol, masu nuna wasan a talabijin suka karkatar da kyamara zuwa wajen filin don kada a gani, abin da ya sa mutane suka ƙara ɗokin sanin me ake ɓoyewa. Ranar 21 ga Oktoba aka sanar da fasa tafiyar, a daidai lokacin da Villarreal ke tsakiyar karawa da Manchester City a gasar Zakarun Turai.

To, a ganina wannan ba son kai ba ne, kuma dalilina yana cikin tsarin gasar kanta. Ƙungiyoyi 20 ne a La Liga, kowace tana buga wasa 38, 19 a gida 19 a waje, kuma wannan daidaiton ne yake sa a yarda cewa wanda ya fi maki a ƙarshen kaka shi ya fi cancanta. A takarda Villarreal ce mai masaukin baƙi a wasan Miami, amma kowa ya san rigar da za ta cika filin a birnin da magoya bayan Barcelona suka ninka na Villarreal nesa ba kusa ba. Ke nan Barcelona za ta tsallake ɗaya daga cikin filaye masu wuyar shiga a Sifaniya, alhali Real Madrid da Atletico Madrid da sauran duk sai sun je can sun sha ihun 'yan gari. Wannan ce hujjar da Real Madrid ta kafa da ta fito fili ta yi adawa, kuma ko da mutum ba ya ƙaunar Madrid, hujjar tana nan daram. Wanda yake ganin wasa ɗaya ba komai ba ne ya tuna kakar 2006 zuwa 2007, inda Madrid da Barcelona suka gama da maki 76 kowacce, aka ba Madrid kofi saboda sakamakon karawar da suka yi a tsakaninsu.

Sannan akwai mutumin da ya yanki tikitin kaka guda. Garin da Villarreal take bai wuce mutum kusan 50,000 ba, filinta kuma yana ɗaukar 'yan kallo kusan 23,000, don haka zuwan Barcelona sau ɗaya a shekara babbar rana ce a wurinsu. Ƙungiyar ta yi alƙawarin kai masu irin wannan tikiti Miami kyauta, wanda bai je ba kuma a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa, kuma wannan tayi ne mai kyau ga matashi marar nauyi a kansa, amma bai warware matsalar dattijon da ya shekara arba'in yana zama a kujera ɗaya ba, ko ma'aikacin da ba zai samu hutun tsallaka teku ana saura kwana biyar Kirsimeti ba. Kai kuma, ɗan'uwa, ka tambayi kanka ko Miami ta fi Barcelona kusa da kai. Ba a zaɓi birnin don yawan masoya ba, an zaɓe shi ne don ƙarfin aljihun masu sayen tikiti da masu tallace-tallace, kuma da an buga wasan da a talabijin za ka kalle shi kamar yadda ka saba.

Tambaya: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai an daɗe ana buga kofin Super Cup na Sifaniya da na Italiya a Saudiyya, ban ji an tsaya cak a fili ba. Mene ne bambancin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Gaskiyarki, Malama, abin ya daɗe, har ma ya girmi zuwa Saudiyya. Kofi ne da a asalinsa zakaran lig ke karawa da zakaran kofin ƙasa, kuma Italiya ta kai nata birnin Washington tun 1993, ta kai shi Tarabulus na Libiya a 2002, daga baya ta zagaya Beijing da Doha da Jidda da Riyad. Faransa ta fara fita da nata zuwa Montreal a 2009, ta kai shi Tunisiya da Maroko da Gabon. Sifaniya ta gwada Tanja ta Maroko a 2018, sannan daga Janairun 2020 ta koma Saudiyya da ƙungiyoyi huɗu maimakon biyu, a yarjejeniyar da ta kai kusan yuro miliyan 40 a shekara. Bambancin shi ne irin wannan kofi ba shi da alaƙa da teburin gasa, ba ya ƙara wa kowa maki, ba ya jefa kowa ƙaramin rukuni, kuma duk waɗanda za su fafata baƙi ne a filin baki ɗaya. Duk da haka ba daidai ba ne a ce babu ƙorafi, domin magoya bayan ƙungiyoyi irin su Athletic Bilbao da Valencia sun sha kukan cewa an mayar da su 'yan rakiya, ga tsadar tafiya, ga kuma rabon kuɗin da ya fifita Real Madrid da Barcelona. Haƙurin da aka yi a kan wannan kofi shi ne ya ba masu shirin ƙwarin gwiwar taɓa lig.

Tambaya: Malam, idan kuɗin zai taimaki ƙananan ƙungiyoyi, me ya sa za a ƙi? Ai ko Amurkawa suna kai wasanninsu Landan.

Amsa: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan shirin suke da ita, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Gasar Firimiya ta Ingila ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin gida kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, ga kuma abin da take samu daga ƙasashen waje wanda ya riga ya zarce na cikin gida, inda tashar NBC ta Amurka kaɗai ta biya kusan dala biliyan 2.7 na shekara shida. La Liga kuwa ta sayar da nata na cikin gida kan yuro biliyan 4.95 na shekara biyar daga 2022, yarjejeniyarta da ESPN a Amurka kuma kusan dala biliyan 1.4 ce ta shekara takwas. Wannan tazara ce take sa ƙungiyar da ke tsakiyar teburin Ingila ta iya sayen ɗan wasan da ƙungiya ta huɗu a Sifaniya ko Italiya ba za ta iya riƙewa ba, kuma duk wanda ke zaune a kujerar Tebas dole ne abin ya hana shi barci.

Inda na rabu da su shi ne a kan ko wasa ɗaya a Miami zai cike wannan gibi. Kuɗin tikitin yini guda, komai yawansa, ba zai kama ƙafar waɗancan biliyoyi ba, don haka ainihin manufar ita ce talla, a ja hankalin Amurkawa domin farashin haƙƙin nunawa ya tashi a yarjejeniya ta gaba. Sai dai Firimiya, wadda ake so a kamo, ba ta taɓa buga wasan lig ko ɗaya a wajen Birtaniya ba. Abin da take sayarwa shi ne filaye cike maƙil, da waƙoƙin 'yan kallo, da gabar unguwa da unguwa wadda ta haura shekara ɗari, kuma mai kallo a Asiya ko Afirka wannan yake biya ya gani. Idan aka cire wasan daga cikin mutanensa, an sayar da akuyar da ake tatsa ne don a sayi madarar yini ɗaya.

Batun Amurkawa kuwa, gaskiya ne gasar NFL, ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, tana kai wasanninta Landan tun 2007, ta kuma ƙara da Jamus da Meziko da Brazil. Amma wannan gasa ce rufaffiya mai ƙungiyoyi 32, babu faɗuwa babu hawa, kuma tun asali ba kowace ƙungiya ce take karawa da kowace gida da waje ba. Ƙungiya a can tana iya tattara kayanta ta bar garinsu gaba ɗaya, kamar yadda Raiders ta bar Oakland ta koma Las Vegas a 2020. A Turai kuwa, maki ɗaya yana iya zama sanadin faɗuwar ƙungiya, da asarar miliyoyi, da sallamar ma'aikata.

Tambaya: Yanzu da aka fasa, maganar ta mutu ke nan? Kuma wa ke da wuƙa da nama a kanta?

Amsa: Ba ta mutu ba, ko da yake ta sha kaye sau biyu a jere. Italiya ma ta samu izinin Uefa a rana ɗaya da Sifaniya domin ta kai wasan AC Milan da Como birnin Perth na Ostireliya a Fabrairun 2026, da uzurin cewa filin San Siro, gidan AC Milan, zai karɓi bikin buɗe gasar Olamfik ta lokacin sanyi. Uzuri ne mai rauni, tun da akwai filaye da dama a Italiya waɗanda ba sai an yi tafiyar fiye da kilomita 13,000 ba, kuma 'yan wasan Milan irin su Adrien Rabiot da mai tsaron raga Mike Maignan sun fito sun soki shirin. A Disamban 2025 shi ma aka fasa shi, inda masu shirin suka ɗora laifin a kan tsauraran sharuɗɗan da hukumar ƙwallon Asiya ta gindaya da kuma haɗarin asarar kuɗi. Ingila ta riga su shan irin wannan kaye tun 2008, lokacin da shugaban gasar Firimiya na wancan lokaci, Richard Scudamore, ya kawo shawarar ƙara zagaye na 39 da za a buga a biranen duniya, magoya baya da Fifa suka taso masa har aka jingine ta.

Amsar wa ke da iko kuwa ita ce babu mutum ɗaya. Sai hukumar ƙasar da ke da gasar ta yarda, hukumar nahiyarta ta yarda, sannan hukumar ƙasar da za ta karɓi wasan da ta nahiyarta su ma su sa hannu, kuma wannan doguwar sarƙa ita ce ta kayar da shirin Perth. Ƙasashen da ake son kai wa wasan suna da nasu lig da suke tsoron a danne, domin ɗan kallon da ya kashe kuɗin wata guda a kan ganin Barcelona sau ɗaya ba lallai ne ya koma kallon ƙungiyar garinsu a mako mai zuwa ba. Fifa ta kafa kwamiti a Mayun 2024 don tsara sababbin ƙa'idoji, kuma a nan ne ainihin fafatawar take, tsakanin ƙungiyar magoya baya ta Football Supporters Europe da ke neman a haramta abin ƙarara, da kamfanonin da suka riga suka nuna cewa za su iya komawa kotu. Yarjejeniyar La Liga da Relevent tana da sauran shekaru a gaba, kuma hasashena shi ne idan za a sake gwadawa za a fara ne da neman yardar ƙungiyar 'yan wasa tun da wuri, a kuma zaɓi wasan da bai shafi masu neman kofi ba, domin Real Madrid ta rasa abin da za ta kai ƙara a kansa.