Tambaya da Amsa: Ƙungiya, Baje Koli da Sabon Haraji a Kasuwannin Gombe

Mafi yawan wasiƙun wannan wata daga 'yan kasuwar Gombe suka fito, mun kuma zaɓi huɗu daga ciki, muka taƙaita su, muka sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi. Na sayi masara da kaka na zuba a sito kamar yadda muka saba, da niyyar fitarwa da bazara, sai farashi ya karye, na sayar ƙasa da yadda na saya. An ce mana gwamnati ce ta buɗe ƙofar shigo da abinci daga waje. Muna da ƙungiya, muna biyan kuɗin wata, amma ban da gaisuwar mutuwa da gudummawar biki ban ga abin da take tsinana mana ba. Wani ya ba ni shawarar shiga cibiyar 'yan kasuwa ta jiha, ni kuwa gani nake wurin masu manyan riguna da Turanci ne. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai bai cika ba. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Noma Abubakar Kyari, ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, domin a lokacin tsadar abinci ta kai wa talaka iya wuya bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira da aka yi a watan Yunin shekarar. Amma ba wannan kaɗai ya karya farashi ba. Damina ta yi albarka a wurare da dama, naira ta ɗan tsaya wuri guda, sannan mutane da yawa waɗanda hatsi ba sana'arsu ba ce sun ga ribar da aka samu a baya, suka zuba kuɗi suka cika sito, da farashi ya fara sauka kuma suka fito da kayan a lokaci ɗaya.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne watan da aka yi sanarwar. Yuli ne, tun kafin sabuwar masara ta shigo kasuwa. Da a ce ƙungiyarku tana da mutum ɗaya da aikinsa shi ne bibiyar irin waɗannan sanarwa, ya tara ku bayan la'asar ya karanta muku, ku tattauna abin da za ta iya haifarwa, da wataƙila wanda ya yi niyyar ajiye buhu ɗari biyar ya tsaya a ɗari biyu. Wannan shi ne aikin ƙungiya na farko, kuma ba ya cin kuɗi. Ba na raina gaisuwa da gudummawa, domin su ne suka gina amanar da ta sa dillali yake ɗaukar kayan miliyoyi da baki kawai ba tare da takarda ba. Kuskuren shi ne tsayawa a nan.

Aiki na biyu shi ne magana da masu tsara manufofi, kuma akwai misali na kusa da ke nuna cewa maganar tana tasiri. Lokacin da aka kai ƙudurorin gyaran haraji Majalisar Tarayya a 2024, akwai shawarar ɗaga harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, daga kashi 7.5 zuwa kashi 10, daga baya ya ci gaba da hawa. Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, wadda Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya yake shugabanta, ta zauna a Kaduna a watan Oktoba na shekarar ta nuna rashin amincewa da tsarin rabon kuɗin harajin tsakanin jihohi, wasu ƙungiyoyi ma suka kai nasu ƙorafin zauren sauraron jama'a, a ƙarshe aka sauya abubuwa da dama kuma harajin ya tsaya a kashi 7.5. Waɗanda suka halarci zaman da hujja a hannu su aka saurara.

Cibiyar 'yan kasuwa, masana'antu, ma'adinai da noma ta jiha reshe ce ta uwar ƙungiya ta ƙasa, NACCIMA, kuma amfaninta a gare ku shi ne ita ake gayyata idan gwamnati za ta ji ra'ayin 'yan kasuwa kan kasafin kuɗi ko haraji, ita ce kuma baƙon da ya zo neman abokin hulɗa yake fara tambaya. Shawarata ita ce kada ka shiga kai kaɗai. Ku nemi shiga a matsayin ƙungiya, ku tura wakili, idan Turanci ne matsalar ku haɗa shi da ɗaya daga cikin 'ya'yanku da suka yi karatu. Amma kada ku je hannu rabbana. Ku ajiye littafi a bakin ƙofar kasuwa, a riƙa rubuta yawan tirelolin da aka yi wa lodi kowane mako, inda suka nufa, Dawanau ne ko Bodija ta Ibadan ko Legas, kuɗin mota a kan kowane buhu, shingayen da direba ya tsaya a hanya da abin da ya biya a kowanne, a kuma liƙa rasit ɗin da aka ba shi, inda ba a ba da rasit ba a rubuta haka. Bayan wata uku za ku mallaki abin da babu wani ofishi da yake da shi.

Kuna kuma da wata dama da 'yan kasuwar wasu jihohi ba su da ita. Kwamitin fadar shugaban ƙasa mai kula da sauƙaƙa kasuwanci ya sanya Gombe a matsayi na ɗaya a 2021, ya sake sanya ta a 2023. A ganina wannan awo ya fi auna saurin takardu da tsarin ofisoshi fiye da tsadar dizal ko mutuwar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Gombe zuwa Maiduguri, wanda da yana aiki da kuɗin dakon hatsi bai kai haka ba. Duk da haka, gwamnatin da take alfahari da wannan matsayi ba za ta so a ce manyan 'yan kasuwarta sun zo da littafi da rasit an ƙi sauraronsu ba.

TAMBAYA: Ina sarrafa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidana a Pantami, ina da mata uku da suke taya ni. Cinikina duk ta WhatsApp ne da 'yan uwa da maƙwabta. Ana ta ce mini in je baje koli, amma idan na lissafa kuɗin rumfa da mota da masauki sai in ga kamar asara ce.

AMSA: Hajiya, lissafinki daidai ne idan abin da kike nema shi ne ki sayar da galan-galan ki mayar da kuɗin rumfa a cikin kwana goma. Wanda ya fi cin ribar baje koli shi ne wanda ya dawo da lambobin masu sari biyar waɗanda za su riƙa karɓar kaya duk wata. Saboda haka ki fara da na kusa, wato wanda ake yi a nan jiha ko na haɗin gwiwar jihohin Arewa maso Gabas, kafin ki yi tunanin na Kano da ake yi wajen ƙarshen shekara ko na Kaduna da galibi yake zuwa a farkonta. Ki haɗa kai da mata biyu ko uku masu kayan da ba sa gasa da naki, kamar mai yaji da mai garin kunu, ku kama rumfa ɗaya ku raba kuɗin. A tafiyar farko ma ba laifi ba ne ki je a matsayin mai kallo, ki ɗauki kwalabe kaɗan na gwaji, ki zagaya ki ga yadda wasu suke rufe kayansu da farashin da suke sawa.

Kafin ki kashe ko sisi a kan rumfa, akwai abubuwa biyu da mai sari na gaske zai tambaye ki, kuma gara ki tanade su. Na farko rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, na biyu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin babban kanti ba zai ɗora abincin da aka rufe a kwalba ko leda a kan kantarsa ba tare da ita ba. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa domin ƙananan sana'o'i, takan yi wa masu irin aikinki jagora a kan waɗannan takardu. Ki kuma san adadin litar da za ki iya samarwa a mako ba tare da ingancin ya sauka ba, ki faɗi gaskiyarsa, domin mai sarin da aka saɓa wa alkawari sau ɗaya yakan gaya wa abokan cinikinsa.

TAMBAYA: Ina da shagon kayan waya a Babbar Kasuwa. Na ji an ce sabuwar dokar haraji za ta sa a riƙa cire kuɗi daga duk abin da ya shiga asusun mutum na banki, shi ya sa na ƙi yin rajista, har ina tunanin komawa karɓar tsabar kuɗi kawai.

AMSA: Ɗana, wannan jita-jita ta yaɗu sosai, kuma ba haka dokar ta ce ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu a ranar 26 ga Yuni 2025, manyan tanade-tanadensu suka fara aiki daga 1 ga Janairu 2026. Harajin mai shago irinka a kan riba yake, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa asusunsa ba, kuma naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kansu. Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da ya kai naira 10,000 tsohon abu ne da ya riga wannan doka. Ga masu kamfani kuwa, tun dokar kuɗi ta 2019 an yafe harajin kamfanoni ga wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, sabuwar dokar ta ƙara ɗaga wannan iyaka.

Inda haɗarin yake shi ne rashin rubutu. Idan naira miliyan goma ta shiga asusunka a shekara, tara daga ciki kuɗin sarin caja da batir ne da hayar shago, littafinka da rasit ɗin sari ne kawai za su nuna haka. Wanda ba shi da su, doka ta ba jami'i damar yi masa ƙiyasi, ƙiyasi kuwa ba kasafai yake yi wa ɗan kasuwa daɗi ba. Ka raba asusun shago da na gida, ka daina karɓar kuɗin adashi ko na aike a asusun shago. Sabuwar dokar ta kuma kafa ofishin karɓar ƙorafin masu biyan haraji, kuma ƙorafin da ƙungiyar layinku ta kai da sunan mutum hamsin ya fi naka kai kaɗai nauyi. Komawa tsabar kuɗi zai raba ka da kwastomomin da suka saba da tura kuɗi ta waya tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, sannan ya hana ka tarihin ciniki da banki yake dubawa ranar da ka nemi jari.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin injin casar shinkafa kusa da Dadin Kowa, ina son ƙara na biyu, amma ba na son bashin ruwa kuma ba ni da takardar mallakar fili da zan jingina. Ko filin masana'antu da aka gina a nan zai amfane ni?

AMSA: Malam, ko ba don addini ba, bashin bankunan kasuwanci ya yi wa mai ƙaramin inji tsada, tun da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, bankuna kuma suna ɗora nasu a kai. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin da banki yake sayen injin ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kanta, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, ka kwatanta kafin ka sa hannu. Game da jingina, wata doka ta 2017 ta halatta jinginar da kadarar da ake iya ɗagawa, kamar inji ko mota, ta hanyar rajistar da ke ƙarƙashin Babban Banki, saboda haka ka tambayi bankin ko zai karɓi injinka na farko.

Filin masana'antu na Muhammadu Buhari an kafa shi ne a nan domin kusancinsa da madatsar ruwan Dadin Kowa mai samar da megawat 40 na lantarki, kuma an tsara shi ne da manyan masana'antu a zuciya. Hanyar da ta fi kusa da mai inji ɗaya ita ce ku masu casa na yankin ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar da ke kula da irin waɗannan ƙungiyoyi, ku nemi fili ɗaya da layin wuta ɗaya da sunanta, ku tafi da lissafin buhunan da kuke casa a wata da abin da dizal yake ci muku.