Amsa ga ƙanenmu da ke tambaya kan mastas a zanen gine-gine

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya amsawa, domin halin da ka bayyana, na cewa ka gama digirin farko da bautar ƙasa, mahaifinka yana so ka karɓi aikin da wani kamfanin gini ya yi maka tayi, kai kuma zuciyarka tana kan komawa mastas, shi ne halin da na shiga a 2015. Na karɓi aikin da niyyar yin shekara ɗaya in tara kuɗin makaranta, sai ga shi na shafe shekara huɗu.

Abin da ya fi ci mini rai a waɗannan shekarun shi ne hatimi. Ni nake kwana a kan AutoCAD da Revit, wato manhajojin zanen gini a kwamfuta, ni nake zuwa filin gini ina jayayya da magina a kan kaurin ginshiƙi, amma idan aka zo kai zane neman amincewar hukumar tsara birane, sai a ɗauka a kai wa wani mai rajistar ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya, ya buga hatiminsa, a biya shi a rana ɗaya abin da ya kusa albashina na wata. Maigidan namu kullum cewa yake takarda ba ta gina gida, kuma duk lokacin da na ɗauko maganar komawa karatu sai ya ƙara mini ɗan abu a albashi in yi shiru. Daga baya na gane cewa zamana ba rajista shi ne ribarsa. Shekara huɗun digirin farko rabin hanya ce kawai, domin sai da shekara biyun mastas, da shekara biyu na aiki a ƙarƙashin mai rajista, da jarrabawar ƙwarewa, sannan doka za ta ɗauke ka cikakken mai zanen gine-gine.

Na koma a 2019, a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. A aikin kammala karatuna na zaɓi zana masaukin ɗalibai da tubali da azara, saboda tun ina yaro Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, yake ba ni mamaki: yadda bakan gizo na ƙasa da azara ya ɗauki rufi mai faɗi haka, da yadda cikinsa yake da sanyi ana tsananin zafi a waje. Malamin da aka ba ni ya duba aikina ya amince da batun da bakinsa, ya ma yaba. Daga nan na daina samunsa. Babi na biyu ya yi wata biyar a ofishinsa ba a buɗe ba. Ina zuwa in zauna a bakin ƙofa tun safe, ya wuce ni ya ce in dawo mako mai zuwa. Sai korona da yajin aikin ASUU na 2020 suka cinye mana daga Maris zuwa Disamba.

Ranar juri, wato ranar da ɗalibi ke kare zanensa a gaban malamai, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Na kwana uku a sitidiyo, ɗakin da ɗalibai ke zane, ban runtsa ba, na kashe kuɗin da matata ta ranta mini wajen buga zane a manyan takardu da haɗa samfurin ginin da kwali, na manna komai a bango. Malamin da ya zo daga wata jami'a ya yi tambaya mai ma'ana, ya ce ta yaya zan kare bangon ƙasa daga ruwan damina a bene, kuma wa zai riƙa yi masa yaɓe duk shekara. Ina da amsa, domin na yi aiki a kan makuba da doguwar indararo da harsashin dutse. Kafin in buɗe baki, malamina ya ce shi ma ya sha gargaɗina a kan wannan batu amma na ƙi ji. Wallahi bai taɓa faɗa mini haka ba, ko sau ɗaya. Na tsaya a gaban ƙannena da na girme da shekara biyar, harshena ya yi nauyi, na kasa kare aikin da na fi kowa saninsa. Aka ce in sake. Na cire takardun daga bango hannuna yana rawa, kuma har yau idan na tuna yadda ya kau da kai lokacin da na dube shi, ƙirjina yana zafi. Yajin aikin 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya same ni ina gyara, sai a 2023 na kammala karatun shekara biyu.

Saboda haka ina roƙonka ka koma yanzu, tun hannunka bai saba da albashi ba, tun ba ka ɗauki nauyin iyali ba. Idan dole ne ka yi aiki, ka karɓi ƙananan zane da za ka iya yi da dare, domin sitidiyo ba ya haɗuwa da aikin ofis na kullum. Duk abin da malami ya amince da shi, ka roƙe shi cikin ladabi ya sa hannu a kan takardar da kwanan wata, ka adana. Ka tambayi waɗanda suka gabace ka wane malami ne yake karanta aiki da gaske. Kuma kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar ARCON ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar. Wannan ya shafi masu hangen Ingila ma, domin mastas na shekara ɗaya da ake yawan tallatawa ba shi ne na shekara biyu da ke kai mutum ga rajista a can ba.

Game da Baba kuwa, kada ka yi jayayya da shi, domin tsoron zaman banza yake yi maka. Ka nemi wani dattijo mai rajista da yake ganin girmansa, ya je har gida ya yi masa bayanin hatimin nan. Nawa mahaifin, Allah ya jiƙansa, ya rasu wata bakwai kafin sakamakona ya fito.