Shin ɗumamar yanayi tana tura tsirran tsaunuka sama?

Ka tambaya ko zafi yana sa tsirran tsaunuka ƙaura zuwa sama. Galibi haka ne, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau sama, sai masu son sanyi su bi shi sama, na ƙoli kuwa su rasa mafaka. Amma a tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, ƙarancin ruwan sama ya busar da dajin can sama, gobara ta riƙa cinye shi har iyakarsa ta sauko da ɗaruruwan mitoci. Wannan ya fi narkewar ƙanƙarar da ke ƙolin tsaunin tayar mini da hankali, saboda ganyen itatuwan ne ke tare laimar hazo, ta ɗiga ƙasa ta ciyar da ƙoramun da manoman ayaba da gahawa na kabilar Chagga suka dogara da su.