Yadda za ka nuna wa masu bincike abin da ke gudana a kwantena

Ka ce masu binciken bin ƙa'ida suna son sanin wane ginin manhaja ke aiki a kwantenoninku (keɓaɓɓun akwatunan da manhaja ke gudana a ciki), wa ya tura shi, yaushe, kai kuma laƙabin "latest" kaɗai ke hannunka.

Laƙabi ba hujja ba ne, domin gobe ana iya manna shi kan wani hoton daban (hoto shi ne ƙunshin manhajar da ake tayar da kwantena daga gare shi). Abin da ba ya canzawa shi ne lambar sha256 ta hoton Docker (manhajar gina kwantena), mai haruffa 64, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikin hoton. Da ita za ka riƙa turawa Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da kwantenonin. A lokacin gini, saka lambar sauyin Git (ma'ajiyar tarihin sauye-sauyen manhaja) a alamar org.opencontainers.image.revision, ka fitar da jerin kayan cikin hoton da manhajar Syft, ka sa masa hannu na dijital da manhajar Cosign. Sai Kyverno, mai tsaron ƙa'idoji a Kubernetes, ya tare duk hoton da ba sa hannu.

Inda aka fi tuntuɓe: bayanan aukuwa na Kubernetes suna gogewa bayan awa ɗaya idan ba a sauya saitin ba. Kunna rajistar bincike ta Kubernetes (audit log), mai rubuta wa ya yi me kuma yaushe, ka kwashe ta zuwa ma'ajiyar da ba a iya gyarawa. Ka kuma duba kada sharar da rumbun hotuna ke yi da kansa ta goge tsofaffin hotunan.

Tsawon ajiya kuwa, tambayi jami'in bin ƙa'idarku. PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan katin biyan kuɗi, alal misali, wata 12 take nema.