Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Zan Kai Ɗalibaina a Birnin Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu, kuma 'yan aji shida nake koyarwa. Iyayen yara sun amince za su haɗa kuɗin mota bayan an gama girbi, domin in kai yara goma sha takwas su ga wuraren tarihi na Kano, mu tashi da asuba mu dawo kafin isha. Yawancinsu ba su taɓa wuce gadar Wudil ba. Waɗanne wurare ne suka cancanci wannan wahala, kuma daga ina ya kamata mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam, ya kuma saka wa iyayen nan da alheri, domin kuɗin da manomi ya ware daga cinikin gyaɗarsa ko riɗinsa ba kuɗin wasa ba ne. Shawarata ta farko ita ce kada ka yi kwaɗayin zaga ko'ina. Wuri huɗu ko biyar da yara suka tsaya suka duba da kyau, suka yi tambaya aka ba su amsa, ya fi wuri goma da aka leƙa ta tagar mota.

Ku fara da Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba, kuma in da hali ku sa tafiyar a farkon watan Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri ya rufe gari. Dalilin farawa da Dala shi ne daga kansa ake ganin tsarin birnin baki ɗaya: ga Gwauron Dutse daga yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin gidajen cikin gari sun haɗe da juna kamar saƙar tabarma. A nan za ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda maƙera suka zauna a gindin dutsen suna narka tama tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. Yaron da ya ga garin daga sama ba zai ruɗe ba idan ya shiga lungunansa. Akwai matakala har sama, sai dai ka sa babba ɗaya gaba ɗaya baya, don yara ba su san tsoron gangara ba.

Daga nan sai Gidan Makama, kuma a nan nake so ku fi daɗewa. Gida ne da ake danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma an ce a cikinsa ya zauna kafin ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne a hannun hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan wurare. Za su nuna muku sulke da lifidi da kwalkwali, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu nauyi, da hotunan sarakuna. Amma abin da nake roƙonka, Malam, shi ne ka sa yaran su ɗaga kai su dubi rufin soron. Su ga yadda aka tayar da bakan gizo daga jikin bango ta kowane ɓangare, ya lanƙwaso a hankali har ya haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ko ɗaya ba, su ga azarar giginya da aka jera ɗaya kusa da ɗaya, su kuma ɗora tafin hannu a bangon su ji sanyinsa alhali waje rana na dukan ƙasa. Sannan ka tambaye su da me aka yi wannan gini. Za su gane da kansu cewa tubali ne da ƙasa da azara, irin waɗanda suke gani a zauren dagacinsu, sai dai an sa musu gwaninta da haƙuri. Ni a ganina wannan shi ne babban darasin tafiyar, domin yaran ƙauye da yawa sun taso da tunanin cewa ginin ƙasa alamar talauci ce kawai.

Fadar Sarki tana kusa ƙwarai, tafiyar ƙafa ce. Gida ne da ake zaune a ciki ake kuma gudanar da mulki, saboda haka ba a shiga sai da izini, kuma in kana son a kai ku wasu soraye, sai ka rubuta takardar neman izini tun da wuri da hatimin makarantarku. Ko ba a samu shiga ba, tsayawa a filin Ƙofar Kudu ya isa abin kallo, don a nan ake jafi a ranar Hawan Daushe. Babban masallacin da ke gefen fadar an sake gina shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma asalinsa yana komawa zamanin Rumfa, lokacin da Shehu Magili ya sauka a Kano. Ku yi azahar a can. Kada dai ku zaɓi ranar Juma'a, saboda cunkoso zai cinye muku yini.

Bayan salla ku nufi marinar Ƙofar Mata, wadda ake ƙidaya kafuwarta daga 1498. Wuri ne da tarihi bai zama labari ba tukuna, domin har yanzu ana aiki. Ka roƙi ɗaya daga cikin marinan ya tsoma ƙyalle a gabansu. Zai zauna a bakin ramin, hannunsa ya rine har wuyan hannu, ya nutsa farin yadi cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi yana ɗiga da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa shuɗi a kan idonsu, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa har launin ya kama. Irin wannan rini ne ya kai sunan Kano har ƙetaren Sahara, kuma Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya yi mamakin yawan tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano ana fita da su. Ku sayi ko ɗan ƙaramin ƙyalle ne ku rataya a aji, don marinan da sana'ar suke ci.

Ganuwa kuwa, da baƙin ciki nake faɗa, ba za ku same ta yadda kuka ji a labari ba. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka faɗaɗa ta, amma ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini a kanta sun ci mafi yawanta, ƙofofi da dama kuma an sake su da siminti an buɗa su don motoci. Duk da haka ku bi ta Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga, ka nuna musu abin da ya rage, ka gaya musu cewa ta wannan ɓangare ne sojojin Ingila suka shiga garin a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato.

In lokaci ya rage, a hanyarku ta fita akwai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909, kuma ɗaliban firamare suna da haƙƙin ganin inda karatunsu ya faro. Gidan Mumbayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja da Kasuwar Kurmi ku bar su sai wata tafiyar. Kurmi musamman ba wurin shiga da yara goma sha takwas ba ce.

Abu na ƙarshe, kafin ku hau motar Kano, ka fara kai su Dutsen Habude da Dutsen Mesa a nan Birnin Kudu, inda akwai zanen shanu na mutanen dā a jikin dutse. Masu bincike daga nesa suke zuwa ganinsu, bai kamata yaran da aka haifa a gindinsu su girma ba su san da su ba.

TAMBAYA: Ni dattijo ne daga ƙasar Dawakin Kudu. Zauren gidanmu kakana ne ya gina shi, da zankwayensa da daurin gugansa, amma yarana sun matsa a rushe a yi na bulo. Me kuke gani?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. In dai bangon bai tsage daga tushe ba, kuma gara ba ta cinye azarar ba, ina roƙon a bar shi, yaran su yi nasu ginin bulon daga gefe. Abin da ke kashe soro ruwa ne, saboda haka a nemo magini na gargajiya ya duba rufin, a gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a sake yaɓe da makuba kafin damina ta faɗi. Kada a bari a shafe shi da siminti, domin siminti ba ya kama ƙasa, yana riƙe danshi a ciki har wata rana ya ɓamɓaro da bangon. Sannan ka zaunar da ɗaya daga cikin jikokinka da ya iya rubutu, ka faɗa masa wanda ya gina zauren, da sarkin da ke kan gado a lokacin, da inda aka saro azarar, ya rubuta ya kuma ɗauki hotonsa ciki da waje da wayarsa.