Wani abu mai kama da maciji ya ciji ɗana a Jamestown

Tambaya: Likita, ranar Asabar ɗana mai shekara 12 ya bi abokansa bakin teku a Jamestown, nan Accra. Da ruwa ya janye sai ya zura hannu cikin ramin dutse, wani siririn abu mai kama da maciji ya cafke masa yatsa. Maƙwabta suka ce macijin teku ne. An ɗaure hannun da igiya, an yi tsaga da reza, an manna baƙin dutse. Yau kwana biyu, hannu ya kumbura, jikinsa da zafi. Dafin ne yake hawa? Wata uwa, Nima.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ki kai yaron nan asibiti yau, Mamobi ko Ridge, duk wanda ya fi miki kusa.

Babu macijin teku a Tekun Atlantika. Gidansu Tekun Indiya da na Fasifik. Abin da ya ciji ɗanki kifi ne, dogo mai santsi kamar gaiwa, irin wanda ke laɓewa a kogon duwatsu inda ruwa ba zurfi. Haƙoransa sun karkata ciki, shi ya sa in an fizge hannu nama ke yagewa. Kumburi da zazzaɓin nan aikin ƙwayoyin cuta ne na bakin kifin da na ruwan gishiri, wataƙila har da na rezar.

Igiyar nan ita ce ta fi ɓata mini rai. Kullum muna ganinta. A shaƙe hannun yaro awanni, jini ya daina gudana, nama ya fara mutuwa, sannan a ce wai dafi ne ya cinye yatsa. Wane dafi? Ko da gamsheƙa ce ko kububuwa ta sare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ɗaurin nan, ta hana tsaga da tsotsa. Baƙin dutsen kuwa ƙashin shanu ne aka ƙona. Yana manne wa kowane jiƙaƙƙen ciwo kamar yadda zai manne wa harshe, mai sayar da shi kuma ya ce kun gani yana zuƙe dafi. Ya karɓe sidinsa ya wuce. Ranar da za a sa hannu a takardar yanke yatsa, ba za ki gan shi a bakin ɗakin tiyata ba, uwa ce kaɗai a tsaye. Maƙwabta, ku ji tsoron Allah da 'ya'yan mutane.

A asibiti za a wanke ciwon, a duba ko haƙori ya karye a ciki ko jijiya ta taɓu, a ba shi maganin da ya dace da ƙwayoyin ruwan teku. Don haka ki faɗa musu a fili cewa a teku abin ya faru, kuma kar ki ɓoye zancen reza. Ki tafi da katin rigakafinsa; in allurar tetanus ta ƙarshe ta wuce shekara 5, za a sake masa. Kafin ku fita, ki cire dutsen, ki zagaye iyakar wurin da ya yi ja da biro don a ga ko yana yaɗuwa.